Tsadar Na'urar Gem a Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi: Duba Daga Boɗinga da Shagari

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun na'urorin wasan bidiyo, irin su PlayStation da Xbox da Nintendo Switch, tun daga inda ake yanke musu farashi har zuwa gidajen gem na ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari a Jihar Sakkwato. Ta yi jayayya da ra'ayin da ya fi yaɗuwa, cewa kuɗin kwastam ne tushen tsadarsu. Matsayarta ita ce kamfanonin sun yanke farashi ne saboda mai saye da za su ci gaba da cin riba a kansa shekara da shekaru, alhali mai saye na Nijeriya ba ya cikin wannan lissafi. Saboda haka yana biyan cikakken farashin dala, ya ɗora da kuɗin zamansa a wajen tsarin: faɗuwar naira, kuɗin ruwa, rashin garanti, da wutar janareto.

Gabatarwa



Wanda ya bar birnin Sakkwato ya nufi kudu a kan titin Jega, zai ratsa Boɗinga, sannan Shagari, kafin ya kai Tambuwal. Ƙasa ce ta noma da kiwo da kasuwannin mako, mai nauyin tarihi, domin a Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. A bakin wannan titi da cikin lungunan garuruwan akwai wata sana'a da ba a cika kawo zancenta ba, wato gidan gem. Shago ne ko rumfar kwano, da talabijin biyu ko uku, da benci, da ƙaramin janareto yana ƙara a waje, samari suna jiran layi su buga ƙwallo. Abin da za a fara lura da shi a irin waɗannan wurare shi ne shekarun na'urorin. Tsofaffi ne, na hannu, wasu ma kamfanin da ya ƙera su ya daina yin irinsu tun tuni.

Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi. A watan Nuwamba na 2020 kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 5 a kan dala 499. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, don haka ma'aikaci mafi ƙasƙanci a can zai haɗa kuɗin cikin awa 69 na aiki, ƙasa da mako biyu. A Nijeriya a lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, dala kuma tana wajen naira 470 a kasuwar bayan fage, wato albashin kusan wata takwas ba ci ba sha. A Yulin 2024 aka ɗaga albashin zuwa naira 70,000, amma dala ta riga ta kai wajen naira 1,500, sai na'urar ta koma albashin kusan wata goma sha ɗaya. Albashi ya ninka har ya wuce, na'urar kuma ta ƙara nisa. Wannan duk kafin a ƙara ko kwabo na dako, ko haraji, ko ribar ɗan kasuwa. A tuna kuma cewa mai albashi a Boɗinga da Shagari yana cikin 'yan tsiraru: ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta sa Jihar Sakkwato a kan gaba, da kashi 91 cikin ɗari.

Tsadar ke nan iri biyu. Akwai tsada idan aka auna da abin da mutum yake samu, akwai kuma tsada ta zahiri, wato a ce dalar da ake biya a Sakkwato ta fi wadda ake biya a Dubai ko Landan. Ta farko masana tattalin arziki sun daɗe da bayaninta, musamman Bela Balassa da Paul Samuelson a 1964: abin da ba ya ƙetare iyaka, kamar aski ko kuɗin haya ko ladan lebura, yana bin ƙarfin aljihun garin da ake yin sa, amma abin da ake iya sa wa a kwali a ɗora a jirgi farashinsa na duniya ne. Aski a Boɗinga yana da arha ƙwarai idan aka mayar da shi dala. Ƙwaƙwalwar na'urar PlayStation 5, wadda kamfanin AMD ya tsara, kamfanin TSMC na Taiwan yake bugawa, farashinta ɗaya ne ko wa zai saya. Tsada ta biyun ce ta fi buƙatar tono.

Yadda ake yanke farashi tun farko

Kamfanonin gem ba a jikin na'ura suke neman babbar ribarsu ba. A shari'ar da aka yi tsakanin kamfanonin Epic Games da Apple a 2021, wata babbar jami'ar Microsoft, Lori Wright, ta shaida wa kotu cewa kamfaninsu bai taɓa cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta ba. A 2022 shugaban sashen Xbox, Phil Spencer, ya ce suna sassauta dala 100 zuwa 200 a kan kowace na'ura. Sony ma da hasara ya sayar da PlayStation 3 da ta fito a 2006. Inda ake fanshewa shi ne bayan an kai na'urar gida: kamfani yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na wasannin da aka saya a shagonsa na intanet, ga kuɗin rajistar wata-wata da sai an biya kafin a kara da wasu ta intanet, ga sabon wasa a kan dala 70. Tsarin ya yi kama da na dillalin da ke ba manomi taki a kan sauƙi da damina, don ya san shi zai ɗauki amfanin gonar da kaka. Idan ya tabbata ba zai ga amfanin ba, babu abin da zai sa ya ƙara sassauci.

To, a nan ne Nijeriya ta faɗo daga lissafi. Idan mutum zai buɗe asusun PlayStation, ana ba shi jerin ƙasashe ya zaɓa, kuma babu Nijeriya a ciki. A Afirka kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce kawai. Duniya ta ga girman wannan giɓi a watan Mayu na 2024, lokacin da Sony ya sanar zai wajabta wa masu buga wasan Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa shi da asusun PlayStation, aka cire wasan daga sayarwa a ƙasashe da yankuna fiye da 170 da ba su da wannan dama. Ɗan Nijeriya da ke son sayen wasa ta hanyar halal dole ya rubuta cewa a Amurka ko Ingila yake zaune, ya sa adireshin da bai taɓa gani ba, sannan ya nemi katin kuɗin shagon wurin dillali, wanda zai ɗora tasa ribar a kan canjin dala. Daga 2022 kuma bankunan Nijeriya suka rage abin da katin naira ke iya saya a waje har zuwa dala 20 a wata, yawancinsu daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa.

Ina roƙon masu karatu su tsaya a kan abin da wannan ke haifarwa, domin a ganina shi ne zuciyar matsalar. Wanda ya sayi wasa da asusun Amurka, a littafin kamfani cinikin Amurka aka yi. Wanda kuma ya ga hanyar ta yi tsawo, ya kai tsohuwar na'urarsa aka buɗe mata kai aka loda mata wasanni a faifan ajiya, ba ya cikin littafin ko kaɗan. Duk ta inda aka duba, shafin Nijeriya fayau yake. Kamfani ya duba ya ce babu kasuwa, don haka ba zai buɗe shago ba, ba zai yi farashin yanki ba. Rashin shagon kuma shi ke tura mutane ga asusun aro da wasannin kwafi. Haka abin ke ta zagayawa, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a Afirka, kuma mafi yawansu matasa.

Akwai uzurin da kamfanoni za su iya kawowa, kuma yana da ƙarfi. Na'ura tana tafiya. Da Sony zai sayar da ita rabin kuɗi a Legas, da kafin mako ya zagayo an cika jakunkuna da ita zuwa Landan. Ko wasannin da ba su da jiki ba su tsira ba: shagon Steam ya daɗe yana yi wa Ajantina da Turkiyya farashi mai sauƙi da kuɗin ƙasashensu, sai a Nuwamban 2023 ya mayar da su kan dala, bayan kuɗaɗen sun yi ta faɗuwa, mutanen wasu ƙasashe kuma suna ta shigowa da asusun ƙarya suna cin arhar. Amma uzurin bai rufe zance ba. Da Nintendo ya fitar da Switch 2 a Yunin 2025, ya yi wa Japan iri biyu: mai harshen Japananci kaɗai, wadda ba ta karɓar asusun wata ƙasa, a kan yen 49,980, da mai harsuna da yawa a kan yen 69,980. Darajar yen ta faɗi, kamfanin ya ga mutanen gida za su kasa saye, sai ya nemo makullin da zai hana a kwashe arhar zuwa waje. Ashe dabarar tana nan. Ana yi wa wanda aka damu da cinikinsa ne.

Daga kwali zuwa Boɗinga

Tun da ba a gina wa na'urar hanya ta musamman zuwa gare mu ba, yawancin abin da ke shigowa ta hannun 'yan kasuwa yake biyowa. Ɗan kasuwa yakan saya a Dubai ko Amurka ko Ingila, sau da yawa a farashin kanti, wanda ribar mai kantin can tana ciki. Kaya su sauka a Legas, su shiga kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja, ko su sauka a Kano su bi ta Farm Centre da titin Beirut. Daga nan zuwa Sakkwato, daga Legas tafiyar wajen kilomita dubu ce, sannan Boɗinga ko Shagari. Kowane hannu yana da haƙƙinsa, kuma ban ga laifin kowa a cikinsu ba.

Bari mu auna harajin, tun da shi aka fi zargi. Jadawalin harajin shigo da kaya na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS yana da matakai biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma matakin 20 shi ne na kayan masarufi da aka gama ƙerawa. Harajin VAT kuma kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020. Idan aka ɗora kashi 20 a kan dala 499, sannan aka ɗora 7.5 a kan jimillar, za a samu kusan dala 644. Ƙarin dala 145 ke nan, ko naira 217,000 a canjin 1,500. Kuɗi ne mai yawa, kuma akwai rashin adalci a ciki da ya kamata a faɗa: a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya na Nairobi a 2015, manyan ƙasashe masu arziki sun faɗaɗa yarjejeniyar kayan fasaha, suka amince su cire harajin shigo da kaya a kan abubuwa 201, ciki har da na'urorin gem. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar. Mai kuɗi ya shigo da kayansa ba haraji, matalauci ya biya. Dalilin a fili yake: ƙasar da ba ta iya tattara harajin kuɗin shiga daga jama'arta, bakin tashar jiragen ruwa take tsarewa.

Amma a kwatanta da abin da naira ta yi. A ƙarshen 2020, a canjin gwamnati na wajen 380, dala 499 ba ta kai naira 190,000 ba. A canjin 1,500 ta zama naira 748,500. Bambancin ya haura naira 550,000, fiye da ninki biyu na abin da haraji ya ƙara. Da za a yafe harajin baki ɗaya, a canjin 1,500 na'urar za ta ci gaba da zama ta albashin wata goma da ɗoriya.

A nan ne muka bambanta da Brazil, wadda ita ce misalin da aka fi kawowa. Da PlayStation 4 ta fito a 2013 a kan dala 399 a Amurka, a Brazil an sa mata real 3,999, kuɗin ƙasar, wajen dala 1,800 a lokacin, kuma Sony ya fito ya ce fiye da kashi 60 na kuɗin haraji ne. Brazil da gangan take tsawwala haraji don ta tilasta a ƙera a cikin gida, kuma a 2015 aka fara haɗa na'urar a yankin masana'antu na Manaus, farashin ya sauko da kusan kashi ɗaya cikin uku. Cutarsu haraji ce, maganinta kuma yana hannun gwamnatinsu. Tamu ta fi zurfi. Sai in tuna wa masu karatu cewa a watan Yuli na 1983, lokacin da Nintendo ya fitar da Famicom a Japan, ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, shi ne shugaban ƙasa, kuma naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a canjin hukuma. Alamun ciwon sun riga sun bayyana, domin tun a Afrilun 1982 gwamnatinsa ta kafa dokar tsuke bakin aljihu da rage shigo da kaya bayan faɗuwar farashin man fetur. Daga buɗe kasuwar canji ta 1986 zuwa sakin naira a Yunin 2023, labarin bai canza ba: ƙasa ce da dalarta ke fitowa ta rijiya ɗaya.

Faɗuwar ma ba ita kaɗai ke cizo ba, har da rashin tabbas. A Fabrairun 2024 dala ta kusa naira 1,900 a bayan fage, a Afrilu ta sauko wajen 1,100, kafin ta sake hayewa sama da 1,500. Ɗan kasuwar da ya ga haka ba zai yanke farashi da dalar da ya saya jiya ba, sai da wadda yake tsoron zai saya gobe, in ba haka ba ya sayar da kaya goma ya kasa maido takwas. Ga kuma kuɗin ruwa. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'auninsa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bashin banki ga ƙaramin ɗan kasuwa kuma ya fi haka. Na'urar da ta yi wata uku a kanta tana jiran mai saye ta riga ta ci kusan kashi 7 na kuɗinta a zaune. A Dubai irin wannan kaya kwanaki yake yi ya fita. A Sakkwato masu saye kaɗan ne, ciniki na tafiya a hankali, don haka dole ribar kowace guda ta yi kauri. Ƙarancin masu saye da kansa yana ƙara tsada.

Sai garanti. Wanda ya sayi na'ura a Ingila ta lalace cikin shekara, zai mayar a gyara masa ko a sauya. Wadda aka sayo da garantin wata ƙasa, ranar da ta mutu a Shagari ta mutu a kan mai ita. Ko da farashin ya zo ɗaya, abin da aka saya ba ɗaya ba ne.

Tsadar da ke farawa bayan an biya

Kamfanin Sony ya rubuta cewa a yi amfani da PlayStation 5 a yanayin zafi tsakanin digiri 5 zuwa 35. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika fankar na'urar. Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Sakkwato da Kabi da Zamfara da Kaduna, a ƙarshen dogon layi muke karɓarta, kuma a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mai gidan gem ba zai dogara da ita ba. Janareto ne abokin aikinsa, kuma fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Bari in gwada lissafi na misali, kowa yana iya sauya alƙaluman da na garinsu. PlayStation 5 tana jan wajen wat 200 idan ana wasa. A haɗa da talabijin da fanka, a ce wat 350. A ɗauka ƙaramin janareto yana shan rabin lita a awa, fetur kuma naira 1,000, wato naira 500 a awa. Idan na'ura ɗaya ce a kansa, kowane yunit na wuta ya tashi a kan naira 1,400 da wani abu. A 2024 magidanci a Amurka yana biyan kusan senti 16 zuwa 17 a yunit, wajen naira 250. Saurayin Boɗinga yana sayen wuta fiye da ninki biyar na abin da Ba'amurke ke biya, don ya kunna na'ura iri ɗaya. A ƙara ɗauka ana biyan naira 200 a kan kowane wasa, ana buga biyar a awa. Naira 1,000 ta shigo, fetur ya cinye rabi. Idan aka yi awa shida ana cika benci kullum, abin da ya rage naira 3,000 ne, kuma na'urar naira miliyan ɗaya za ta ɗauki kusan shekara kafin ta maido uwar kuɗi, ba a cire haya ba, ba a cire hannuwan wasan da ke lalacewa a hannun yara ba, ba a cire abincin mai shagon ba.

Wannan lissafi shi ke bayyana abin da muka gani a bakin titi. Mai shagon da ya zaɓi tsofaffin na'urori uku ko huɗu maimakon sabuwa ɗaya ya fi kowa sanin sana'arsa. Janareto ɗaya zai ɗauke su duka, kuɗin fetur ya rabu, idan ɗaya ta mutu sauran suna aiki. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, aka sayar da fiye da miliyan 155, aka daina ƙera ta wajen 2013, siririyarta ba ta jan ko kashi ɗaya cikin huɗu na wutar sabuwar, har batirin sola yana iya riƙe ta. Ba ta neman intanet. Sabbin wasanni kuwa wasu sun haura gigabait 100, ga sabuntawa a kai a kai, a ƙasar da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, kowace shekara sabo ake fitarwa da sabon kuɗi. Masu tsofaffin na'urori sai su samu masu loda musu sabbin sunayen 'yan wasa da riguna a kan tsohon wasan ƙwallo na PES, yara su buga da 'yan wasan bana a kan injin da ya girme su.

Gidan gem, a taƙaice, dabara ce ta yanka abin da ba ya sayuwa a sayar da shi minti-minti. Sai dai mai saye da minti ya fi kowa biya, kamar yadda aka sani a duk cinikin talaka. Yaron da ke ba da naira 200 kullum, a shekara ya ba da naira 73,000, kuma bai mallaki ko waya ɗaya ta na'urar ba.

Me ya sa za mu damu?

Na san akwai wanda zai ce, a jihar da yara ke fama da rashin makaranta da rashin abinci mai gina jiki, ina ruwanmu da tsadar abin wasa? Iyaye da malamai ma suna da ƙorafinsu a kan gidajen gem, kuma ƙorafin gaskiya ne: yaro ya gudu daga boko ko Islamiyya ya je ya zauna, a shagala har lokacin salla ya wuce, wani wurin kuma caca ta shigo. Waɗannan abubuwa ne da masu unguwanni da masu shaguna za su iya daidaitawa ta hanyar ƙayyade lokaci da hana sa kuɗi, kuma ya kamata su yi.

Amma ina ganin wajibi ne mu damu, saboda hanyar da na'urar gem ke bi ita ce hanyar da kwamfutar ɗalibi ke bi, da inbata da batirin sola, da na'urar awon jini ta asibitin ƙauye. Dukkansu farashin dala, hannu da yawa, kuɗin ruwa mai tsanani, babu garanti, babu wuta mai tsafta. Na'urar gem ta fi sauƙin nazari ne kawai, don farashinta na asali sananne ne ga kowa, ana iya ganin abin da kowane mataki ya ƙara. Bayan haka, saurayin Shagari yana da haƙƙin nishaɗi kamar takwaransa na ko'ina, kuma da yawa daga masu gyaran waya da kwamfuta a garuruwanmu, sha'awarsu ga na'ura a irin waɗannan benci ta fara.

Kuma tsadar ba ƙaddara ba ce da ba ta da makawa. Kasuwar waya ta nuna haka. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya dubi mai saye na Afirka ya ƙera masa abin da ya dace da shi: layi biyu, batir mai jimiri, harsunan gida har da Hausa, farashi daidai aljihu, da cibiyoyin gyara na Carlcare. Ya zama kan gaba a nahiyar. Shi ya sa yau wayar hannu ce na'urar gem ta mafi yawan matasanmu, suna buga eFootball da Free Fire da Call of Duty a kanta, wasannin da ake saukewa kyauta. A Janairun 2024 asusun zuba jari na Sony ya sa kuɗi a kamfanin Carry1st, mai rarraba wasanni da hanyoyin biyan kuɗi a Afirka, alamar cewa sun fara waiwayowa.

Abin da ke hannunmu

Rage harajin kwastam zai taimaka, amma lissafin da ya gabata ya nuna iyakarsa, kuma gwamnatin da ke neman kuɗin shiga ba za ta fara da abin wasa ba. Abin da ya fi araha ga gwamnatin tarayya shi ne ta matsa wa kamfanonin su sa Nijeriya a jerin ƙasashensu, su karɓi naira, su tsayar da wakilin gyara. Wannan ba ya cin baitulmali ko sisi, kuma shi zai sa cinikinmu ya fara bayyana da sunanmu.

A Boɗinga da Shagari kuwa, inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne fetur da gyara. Masu gidajen gem da suka haɗa kai suka yi adashi, za su iya sa wa shagunansu sola ɗaya bayan ɗaya, su kuma aika mutum ɗaya Kano ya sayo musu hannuwa da kayan gyara a farashin sari. Gyara kuma yawancinsa ba gagarumi ba ne: wanke fanka, sauya man da ke sanyaya ƙwaƙwalwa, ɗinke bakin wayar talabijin da ya karye, gyara sashen wuta da janareto ya ƙona, sauya sandar hannu da ta fara karkata. Kayan aikin su ne dai waɗanda mai gyaran waya yake da su a teburinsa, wato na'urar hura zafi da mita da dalma. Idan shirye-shiryen koyar da sana'a na jiha da na ƙananan hukumomi suka ƙara wannan darasi a kan na gyaran waya, mai shago a Shagari zai daina ɗaukar na'urarsa zuwa Sakkwato ko Kano, ya biya mota zuwa da dawowa, ya kuma rufe benci ɗaya har ranar da aka kira shi ya zo ya karɓa.